Ruwan Reshen Ƙasa

9 ga Oktoba

Uwata,

Tun ranar da mahaifinki ya sayar wa kamfanin rake gonar kakanmu ta bakin madatsa, bai ce mini kanzil ba, ban sake ɗaukar biro na rubuta wa kowa a gidanku ba. Ya rasu ban ce na yafe ba, shi ma bai nema ba. Na fara da wannan ne don kada ki ɗauka tsufa ya sa na manta. Amma ke sunan mahaifiyata kika ci, kuma sa'ad da aka yi abin kina firamare, don haka ba ni da shari'a da ke.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Mu nan lafiya, sai dai kunnena na hagu ya mutu murus, na dama ma sai an ɗaga murya. Shi ya sa na daina waya, mutum yana can yana magana ni ina nan ina cewa "na'am" kamar ɗan aike. Innarki, uwargidana, tana fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau. Direban da ke kai mana albasa kasuwar birni shi zai kawo miki wannan, in akwai amsa ki ba shi.

An manna sanarwa a ofishin madatsa cewa ma'aikatar gona za ta sake tsarin rabon ruwa, ta kuma kafa kwamitin jin ra'ayin jama'a. An ce kina cikin ma'aikatan kwamitin. Wataƙila kin manta yadda wurin yake. Ruwa yana fitowa daga madatsa ya rabu biyu. Reshen sama yanzu rake ne iya ganinki, duk na kamfani. Reshen ƙasa shi ne namu, masu lambu: albasa, tumatur, kabeji, attaruhu. Abin da kamfani ke nema shi ne a rufe reshen ƙasa duk tsawon rani, a haƙa mana rijiyoyi a madadinsa. Ruwan da ke ƙarƙashin gonakinmu gishiri ne. Ni na auna shi da hannuna lokacin ina ma'aikatar, kafin su sallame ni su ɗora wanda bai san irin albasa da na karas ba. Rani biyu na ruwan rijiya, ƙasar ta yi fari, shi ke nan.

Na san irin wannan zama. Sau da yawa ana gama rubuta rahoto kafin a jera kujeru. Duk da haka na tashi tsaye. Na bi masu lambu gida gida har na haɗa su a ƙungiya ɗaya, muka yi mata rajista. Na rubuta takarda guda, kowa ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Ba mu ce a hana kamfani ruwa ba. Cewa muka yi a yi karɓa-karɓa, kwana huɗu nasu, uku namu.

Ba alfarma nake nema ba. Ki faɗa mini yadda ake shigar da bayani, da ranar zama.

Baffanki

17 ga Oktoba

Baffa,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi lafiya. Da direba ya miƙo mini takardarka na gane rubutun tun daga bayan ambulan, har yanzu harufanka a tsaye suke kamar sojoji. Allah ya ƙara sauƙin kunne, a gaida Inna da jiki. Na ba direba man shafawa ya kawo mata. Yara suna lafiya, ƙaramar ta fara haƙori, ba ta barin kowa ya huta.

Maganar Baba ba zan shiga ba. Allah ya jiƙansa, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Abin da zan faɗa maka ba sirri ba ne, yana cikin ƙa'idojin da aka buga, sai dai mutane ba sa karantawa. Tsarin ya sauya daga yadda ka san shi. Yanzu ƙungiya mai rajista ce kawai ke magana a zauren, kuma kowace ƙungiya, babba ko ƙarama, lokaci ɗaya ake ba ta, ɗan kaɗan. A rahoto kuma ƙungiyoyi ake ƙirgawa: nawa suka goyi baya, nawa suka ƙi. Sa hannun mutane ana karɓa, a ɗaure shi a bayan fayil, ba mai buɗewa.

Don haka, Baffa, kada ku zo a dunƙule. Ku rabu. Masu albasa su yi tasu rajistar, masu tumatur tasu, matan da ke shanya tumatur tasu, direbobi tasu, dillalan kasuwa tasu. Kowa ya tashi ya faɗi magana guda: kwana uku namu. Ana rufe rajista ƙarshen wata, zama kuma tsakiyar watan gobe.

Na biyu, duk wanda zai yi magana ya fara da buƙata tun daga numfashin farko. Ban da doguwar gaisuwa, ban da tarihi. Na san ka, Baffa, kai da ka taɓa yi mana bayanin yadda ake dasa albasa har abinci ya huce.

Ba ni da ikon faɗa maka su wa suka riga suka yi rajista. Abin da zan ce kawai, teburina ya cika.

'Yarka

24 ga Oktoba

Malama jami'ar kwamiti,

Muna lafiya. Innarki ta ga mai, ta gode.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun da tabarau, ko idona ne ya yi mini ƙarya. Ku rabu. Kin san wa na fara jin wannan magana a bakinsa? Wakilin kamfani. Wani mai farar mota ne, mutanenmu suna ce masa Ɗan Murmushi, don ko jana'iza ya zo haƙoransa a waje suke. Makonni ke nan yana zagaya lambuna da lauya a kujerar baya, yana cewa, "Me ya sa za ku ɓuya a bayan tsoho ɗaya? Kowa ya samu ƙungiyarsa, mu za mu yi muku rajista kyauta." Har jerin da ya kawo irin naki ne: masu albasa, mata masu shanya, direbobi. Sai in ce bakinku ya zo ɗaya ne kawai? Mahaifinki ma da murmushi suka zo masa.

Ke kina ofis mai sanyi, ba ki san wahalar da na sha kafin in zaunar da mutanen nan a inuwa ɗaya ba. Masu albasa da masu tumatur sun yi shekara da shekaru suna faɗa kan wa zai fara shan ruwa. Akwai biyu da suka taɓa fasa wa juna kai da fartanya, yanzu su ne ma'aji da mataimakinsa. In na ce musu kowa ya kama gabansa, ba za su ƙara haɗuwa ba, kuma kowannensu Ɗan Murmushi zai saye shi daban, da arha.

Shekaranjiya muka yi taro a ƙarƙashin rumfar awo. Shugabar mata masu shanya ta tashi ta ce, "Malam, mu dai a bar mu mu yi tamu. Ku maza in kun fara magana ba ma samun ko tari." Aka yi dariya. Na ce mata, "Hajiya, duk wanda ya karɓi takardar mutumin nan ya fita daga cikinmu." Ta gyara mayafi ta ce, "To, Allah ya ba mu alheri, dama ba aure ne tsakaninmu ba." Ta fita, mata suka bi ta. Direbobi ma jiya na ga farar mota a tasharsu. Shi wannan da ke kawo miki takarda ya rantse mini ba ya ciki, amma da yake rantsuwar taya yake kallo.

Batun in fara da buƙata kuwa, ba a koya mini in shiga gaban manya in miƙa hannu kamar mai karɓar canji ba. Sai sun san yadda aka gina madatsar, da alkawarin da aka yi wa iyayenmu da aka tashe su daga kwarin, kafin su gane me muke nema. Na rubuta takardu irin wannan tun ba a haife ki ba.

In an aiko ki ne, ki ce musu kin isar.

Baffanki

28 ga Oktoba

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai dai ban ji daɗin takardarka ba, har maigidana ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ba wanda ya aiko ni. Gaskiya ne shawarata da ta mutumin nan sun yi kama, don shi ma ya karanta ƙa'idojin. Bambancin guda ne: wanda ya riƙe takardar rajista da hatimi, shi ke zaɓen wanda zai tashi ya yi magana da abin da zai faɗa. Cewa na yi ku yi da kanku, hatimi a hannunku. In ka kore su, ba gida za su koma ba, wurinsa za su je. Don Allah ka aika wa Hajiya, ka sauko, ka ce ta zo ku yi tata rajistar tare. Akwai sauran kwanaki kaɗan.

Ni ma abin ya fara shafata. Direbanka ya shigo har tsakiyar ofis yana tambaya da ƙarfi, "Ina 'yar Malam ta reshen ƙasa?" Washegari shugaban sashenmu ya kira ni, ya ce tunda ina da dangi a cikin maganar, ba zan ƙara taɓa fayil ba. An mayar da ni kan agogo da ƙararrawa. Daga yau ka ce masa ya tsaya a bakin ƙofa.

Ranar zama ina gaba, gefen shugaban kwamiti. Ni ce mai riƙe da lokaci. Idan ka tashi, Baffa, ka riƙa kallona.

'Yarka

19 ga Nuwamba

Uwata,

Mun dawo gida lafiya. Innarki ta ce in gaishe ki, na ce zan rubuta, ga shi na rubuta.

Takardarki ta iso a kan lokaci. Ban amsa ba, kuma ban aika wa Hajiya ba. Ni ba na bin wanda ya juya mini baya. Amma layinki na ƙarshe ya sanyaya mini rai. Na ce ashe jini bai tsinke ba. Yarinyar nan tana gaya mini ne lokaci a hannunta yake, in kwantar da hankali in karanta takardata har ƙarshe. Har na faɗa wa ma'aji, "Muna da mutum a ciki." Shi ya sa ban rage ko layi ɗaya ba.

Kina wurin, amma bari in faɗa miki abin da na gani daga inda nake zaune. Mun cika motoci tun da safe, mutanenmu da wankakkun kaya, wasu ba su taɓa shiga zaure mai fanka a sama ba. A ƙofa aka ce wakili biyu kawai, saura su tsaya a waje. Suka tsaya a rana suna leƙe ta taga. A ciki kuwa kujerun gaba duk an manna musu takardu: ƙungiyar matasa manoman zamani, ƙungiyar masu gyaran tarakta, ƙungiyar masu ɗinkin buhu, ƙungiyar masu kishin ci gaban karkara. Ta masu ɗinkin buhu na san su, mutum ne da ƙanensa da surukinsu. Kowa da sabuwar hula iri ɗaya da robar ruwa a hannu. Ma'aji yana rubuta mini abin da suke faɗa a gefen takarda, tunda ba na ji sosai. Bayan na huɗu ya daina, ya rubuta, "Duk ɗaya ne." Har inda suke tsayawa su ja numfashi ɗaya ne.

Sai aka kira mata masu shanya tumatur. Hajiya ta tashi da takarda bugaggiya, tana riƙe da ita nesa da fuska kamar tana da zafi. Ta karanta cewa matan reshen ƙasa suna maraba da rijiyoyi. Matar da in ruwa ya yanke ba ta da ko tumatur ɗaya da za ta shanya. Da ta zo wucewa ta gabana ta sunkuyo kusa da kunnena mai ji ta ce, "Malam, a ƙofa aka ba ni, wallahi ban san abin da ke ciki ba sai da na fara." Na ce, "Ai da kin tsaya." Ta ce, "Kai ka taɓa tsayawa in ka fara?"

Da aka zo kanmu na gaida shugaba da 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata. Na fara da shekarar da aka tashi iyayenmu. Idona yana kan takarda, don rubutun ƙanana ne. Ina cikin bayanin gishirin ƙasa na ji ma'aji yana jan rigata. Na ture hannunsa. Ya sake ja. Da na ɗago, sai na ga zaure duk baki a buɗe, ana dariya, Ɗan Murmushi har da share hawaye. Ashe an daɗe da kashe lasifika. Ni kaɗai nake ta magana da ƙarfen da ba ya aiki, ban sani ba. Na waiga gaba, na gan ki tsaye, ƙararrawa a hannunki.

Ban kai ga batun kwana uku ba. Yana shafi na gaba.

A mota waɗanda suka wuni a rana suna tambayar ma'aji, "An faɗa musu? Me suka ce?" Shi kuma yana kallon waje.

Tambaya ɗaya gare ni. In kin san za ki kaɗa mini ƙararrawa a gaban mutumin nan, me ya sa kika ce in kalle ki?

Baffanki

26 ga Nuwamba

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ƙaramar ta yi zazzaɓi amma ta warware.

Na ce ka kalle ni ne saboda kunnenka. Na san ba za ka ji ƙararrawar gargaɗi ba, shi ya sa na yi niyyar ɗaga maka hannu in lokaci ya kusa, ka tsallake zuwa buƙata. Ba zan iya rubuta fiye da haka ba a takardar da ke bi ta hannun mutane. Na ɗaga hannu har sau uku. Na tashi tsaye. Na yar da biro da gangan. Ba ka ɗago ba ko sau ɗaya. Lokacinka ya cika na ƙi kaɗawa, na yi kamar ina duba agogo, har shugaba ya juyo ya ce a gaban kowa, "Malama, agogon ne ya tsaya ko ke?" Lasifika kuwa ba ni na kashe ba. Ƙararrawar da ka gani a hannuna, sai da ya faɗi haka na kaɗa ta.

An ba ni takardar tuhuma a kan wannan, na amsa, ina jiran abin da za su yanke. Ban faɗa don ka tausaya mini ba.

An miƙa rahoto. Tunda an manna shi a allo, zan iya gaya maka. An rubuta cewa mafi yawan ƙungiyoyin da suka halarta, har da na mata da direbobin reshen ƙasa, sun goyi bayan sabon tsari, ƙungiya ɗaya ta nuna damuwa kan tarihin wurin. Takardarka tana bayan fayil da duk yatsun da aka dangwala. Na roƙi mai rubuta bayanin zama ya sa maganar karɓa-karɓa ko a layi ɗaya, ya ce abin da aka faɗa a zaure kawai yake rubutawa.

Baffa, ka ce wa mutane kada su yi dashe bana sai sun ga abin da zai faru. Wannan karon ka ji maganata.

'Yarka

2 ga Fabrairu

Uwata,

Muna nan da rai. Gwiwar Innarki ta ɗan yi sauƙi. Direba ya ce an mayar da ke ɗakin ajiyar tsofaffin fayil. A can na ƙare ni ma kafin su sallame ni. Ki riƙa buɗe taga, ƙurar wurin tana kama ƙirji.

Takardarki ta same mu mun riga mun yi dashe. Irin ya kai, ba a ce wa albasa ta jira kwamiti. Wasu sun ce mu kai ƙara, lauyan da muka gani ya ce an ji ra'ayinmu bisa ƙa'ida, har da hotonmu a zaure. Ƙungiya ta watse ba tare da an yi taron watsewa ba. Ma'aji da mataimakinsa yanzu tare suke saran rake a reshen sama, motar kamfani ke ɗaukar su. Hajiya ta kwashe tabarmin shanyarta ta koma wurin ɗanta. Ta zo sallama, Innarki ce ta fita. An haƙa rijiyoyi biyu an yi musu fenti, ko awaki sun sansana sun wuce.

Farkon watan jiya ma'aikatan madatsa suka zo da mai walda, suka sauke ƙofar reshen ƙasa suka liƙe ta. Ruwan da ya rage a magudana ya yi 'yan kwanaki, muna ɗiba da bokiti. Albasa ba ta kai ga yin kai ba. Daga bakin ƙofar har gonar ƙarshe ba wanda ya cire ko buhu ɗaya, har da ni.

Baffanki